Ƙananan zanen sassaƙata a kwamfuta ba sa kama da gaske, ina matsalar take?

Wani ƙanena da ke karatun zane a Samaru ya turo mini hoton aikinsa tare da tambaya. Ya sassaƙa kan wani dattijo a ZBrush, manhajar sassaƙa a kwamfuta, ya kusa cinye wata guda a kai, ya zuba masa tamoji da ramukan fata ko'ina, amma in ya ja baya ya duba sai fuskar ta yi masa kama da ɓawon lemo. Yana so ya sani ko burushi ne bai samu na kirki ba, ko laftof ɗinsa mai ram gigabait 8 ce ta gaza, ko kuma ya tara kuɗi ya sayi alfa, wato hotunan da ake buga saƙar fata da su kamar hatimi, irin waɗanda ake sayarwa a intanet.

Ƙanena, na duba hoton sosai, na kusanto shi na nesanta shi. Kada ka sayi komai tukuna. Hannunka yana da tsabta, layukanka ba sa rawa, kuma haƙurin da ya zaunar da kai wata guda a kan fuska ɗaya abu ne da ba kowa ke da shi ba. Matsalar tana ƙarƙashin fatar. Ka gina ƙoƙon kai mai kyau, daga nan ka tsallaka kai tsaye zuwa ramukan fata, ka bar duk abin da ke tsakani. An ce da sabon gini gara yaɓe, kuma yaɓe ɗin ne aikinka ke buƙata, ba sai ka rushe ba.

Ka shiga cikin birnin Zariya ka tsaya gaban ɗaya daga tsofaffin gidajen nan masu zane a fuskar zaure. Magini bai fara da dagi ba. Ya fara ɗora tubali ya tsayar da bango, ya fitar da zankwaye, ya daidaita ƙofa. Sannan ya yi yaɓe, kuma a wurin yaɓen nan ne bangon ke samun jikinsa, inda ya kumbura kaɗan, inda kusurwa ta lanƙwasa maimakon ta yi kaifi. Sai bayan haka ado ya hau. Hotunan cikin tsohon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarim, suna nuna wannan ƙarara: abin da ke fara kama ido shi ne bakan gizon da ginshiƙan, adon kuwa bin jikinsu yake yi. Masu sassaƙa a kwamfuta ma kashi uku suke raba aiki, babbar siffa, matsakaiciya, da ƙarama. Ni gini, yaɓe da ado nake kiransu, don ɗan Zariya ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansu.

Yaɓe a fuskar dattijo shi ne kitsen kunci da ya sauko ya taru a gefen baki, da kwarin da ya bari a ƙarƙashin ƙashin kunci. Shi ne kumburin da ke ƙarƙashin ido, da fatar ido ta sama da ta yi nauyi ta rufe gefen ido. Shi ne gefen goshi da ya lotsa, da leɓen da ya shige ciki saboda haƙoran da suka zube, da fatar da ta saki a ƙarƙashin muƙamuƙi, da jijiyoyi biyun nan da ke tsayawa a gaban wuya. Waɗannan su ne ke sa ka gane tsoho daga can nesa a bakin Ƙofar Doka, tun kafin ka matso ka ga tamoji ko ɗaya. A hotonka kuncin a cike yake kamar na saurayi ɗan shekara 25, sai aka zana masa layuka a sama. Ido ya saba da fuskokin mutane tun muna goye, shi ya sa yake ƙin yarda ko da mai kallon ya kasa faɗin dalili. Idan da zan raba lokacin aikin irin wannan, mafi yawansa a nan zai tafi, ramukan fata kuwa yini ɗaya ko biyu sun ishe su.

Ga gwajin da nake so ka yi yau da daddare. Ka sauko da ragar, wato saƙar layukan da siffar ke zaune a kai, zuwa mataki na biyu ko na uku na rarraba ta, inda duk ƙananan zanen suka ɓace, ka ɗauki hoto ka ƙanƙance shi ya koma kamar girman katin waya. In har a haka ana ganin tsoho, aikin ya tsayu. In ba a gani, to foligon, wato idanun ragar, miliyan 20 ma ba za su cece shi ba. Ka tuna kowane mataki da ka hau yana ninka idanun raga sau huɗu. Kan da ya fara da foligon 20,000 zai koma 80,000, sannan 320,000, sannan miliyan 1 da dubu 280, sannan ya haura miliyan 5. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a ƙasa ake juya siffa, a tsakiya ake yanka manyan tamoji, a sama ake zuba ramuka. Wanda ya yi ƙoƙarin ɗaga kunci a mataki na biyar zai samu ƙulle-ƙulle kamar kunun da bai damu ba. Akwai kuma wata riba da mutane da yawa ba su lura da ita ba. In ka sauko ƙasa ka gyara ko ka goge wuri, zanen da ke sama yana nan, in ka koma za ka tarar ya bi sabuwar siffar. Shi ya sa yatsana ba ya nisa da maɓallin D na hawa da Shift da D na sauka, hawa da sauka duk tsawon aiki.

Laftof ɗinka kuwa za ta iya. ZBrush ya fi dogara da ƙwaƙwalwar kwamfuta da ram fiye da katin hoto, kuma foligon miliyan biyar zuwa shida ba su fi ƙarfin injin irin naka ba, matuƙar ka raba aikin. Kai daban, hula daban, idanu daban, riga daban, kowanne da yawan ragar da ya dace da shi. Bayan kai da hula za ta rufe bai cancanci foligon ɗin da hanci ke buƙata ba. Abin da na lura a hotonka shi ne kamar a kan DynaMesh, abin da ke sake saƙa raga a ZBrush, ka zuba ramukan. Wannan, da takwarorinsa na manhajar Blender irin su Dyntopo da Voxel Remesh, na lokacin laluben siffa ne, duk sanda ka sake saƙa ragar suna cinye ƙananan zane. In siffa ta zauna, ka wuce da ita ZRemesher ta samu raga mai tsari da ke zagaye ido da baki, ka rarraba ta mataki-mataki, ka kwaso siffar tsohuwar ka ɗora mata da Project All. A Blender, wanda kyauta ne tun 2002, Multires ne ke yin wannan aikin na matakai.

Yanzu tamoji, inda na fi so mu daɗe. Babu tamojin da ya fito haka kawai. Kowanne wurin da fata ta yi shekaru tana ninkewa ne, kuma yana gitta hanyar tsokar da ke ƙarƙashinsa. Tsokar goshi daga sama zuwa ƙasa take ja, don haka layukan goshi a kwance suke. Tsokar da ke haɗe gira tana ja zuwa tsakiya, sai layuka biyu ko uku su tsaya a tsaye a saman karan hanci. Tsokar ido zagaye take kamar zobe, shi ya sa tamojin gefen ido ke bazuwa kamar sawun kaza. Ta baki ma zobe ce, don haka ƙananan layukan leɓe a tsaye suke. Tun 1861 wani likita a Biyana, Karl Langer, ya zana taswirar yadda fata ke ɗamewa a sassan jiki, kuma har yau likitocin tiyata na duba irin waɗannan layuka kafin su yanka. Kai ba sai ka haddace taswira ba. Ka tsaya gaban madubi ka ɗaga gira, ka haɗe rai, ka yi dariya, ka kanne ido kamar mai fuskantar rana, ka ga inda fata ke taruwa. Manomin da ya yi shekara 50 yana kanne ido a gona da malamin da ya yi su a zaure yana duba allo ba za su tsufa iri ɗaya ba. Kafin ka ja layi ɗaya, ka yanke shawarar wane ne dattijon nan naka, me ya yi da fuskarsa duk rayuwarsa.

Sannan tamoji kwari ne tsakanin tudu biyu. Naka duk karce ne, kamar an bi da ƙusa a kan sabulu. Yadda nake yi: in sauko mataki na uku in ja layin da burushin Dam Standard da ƙarfi kaɗan, ko Draw Sharp in a Blender nake, sannan in ɗauki Inflate ko Clay Buildup in kumbura gefe da gefe har leɓɓan kwarin su kusa haɗuwa, in bar na sama ya ɗan rinjayi na ƙasa don fata tana da nauyi. Sai in hau mataki in sake bi ta cikin kwarin da ƙaramin burushi don ya yi kaifi a inda ya fi zurfi kawai. Layin ya fara a hankali, ya yi zurfi, ya mutu a hankali. Ya katse a tsakiya wani ya ɗauka daga ɗan sama. Ya yi reshe. Uku na goshi kada su zama tazara ɗaya da zurfi ɗaya, a samu babba guda da ke mulki, sauran su bi shi. Kuma da zarar ka zo nan ka danna X ka kashe madubi, wato saitin da ke kwafa abin da ka yi a gefe ɗaya zuwa ɗaya gefen. Gini kaɗai ake yi da madubi a kunne, daga rabin yaɓe zuwa sama kowane ɓangare hannu yake so, don babu ɗan Adam da tamojin hagunsa ke kwafin na damansa.

Ramukan fata su ne suka ba ka ɓawon lemon nan. Alfa ɗaya ka ɗauka, girma ɗaya, zurfi ɗaya, ka fesa daga goshi har wuya. Ka duba fuskar mutum kusa da kusa: a hanci da gefensa ramukan manya ne, zagayayyu, a buɗe. A kunci suna miƙewa su bi hanyar da fata ke ja. A goshi suna matsewa su kwanta tare da layukan. Fatar ido ba ta da ramuka masu ganuwa sosai, sai ƙananan saƙa masu gitta juna kamar takardar da aka dunƙule aka buɗe. Leɓe ba shi da su ko kaɗan, kunne kusan sumul yake, wurin gemu kuwa ƙananan tudu ne inda gashi ke fitowa. Wuya da bayan hannu saƙar lu'u-lu'u suke yi, layuka na gitta layuka. Ka ɗora kowane iri a leyarsa, wato fallensa, daban domin ka iya rage ƙarfinsa daga baya, kuma ka ajiye Morph Target, wato kwafin yadda siffar take, kafin ka fara, in wuri ya yi yawa ka share shi da burushin Morph ba tare da ka taɓa abin da ke ƙasa ba. Kusan kullum nakan ƙare da rage leyar ramuka zuwa rabi ko ƙasa da haka.

Wannan ya fi muhimmanci a baƙar fata. A fatarmu, ƙyallin da haske ke yi a goshi da hanci da kunci shi ne ke fallasa saƙar fatar, don haka zurfi kaɗan ya isa ya karya ƙyallin yadda ya kamata, in ya wuce kima sai fuskar ta koma kamar dutse. Ka lura kuma da abin da hunturu ke yi mana a nan, yadda leɓe ke tsattsagewa, gwiwar hannu ta yi furu-furu, diddige ya yi faso. Yawancin alfa da na gani ana sayarwa daga fuskokin Turawa aka kwaso su, ba za ka samu wannan a cikinsu ba. Haka tsagar gado. In dattijonka yana da bille ko kalangu, ka tuna askar wanzami ta bi wurin tun yana jariri, tabon ya girma tare da fuskar, gefensa ya yi laushi, cikinsa ya yi sumul babu ramuka, kuma yana lanƙwasa tare da kunci. A wasu mutanen ma tabon tasowa yake yi maimakon ya lotsa.

Akwai abin da magabata suka sani wanda allon kwamfuta ke sa mu manta, wato barin wuri ya huta. Kawunan yumɓun Nok, da aka fara cin karo da su a 1928 wurin haƙar kuza a kudancin jiharmu, fuskarsu a sake take, adon ya taru a kitso da duwatsun wuya da idanun nan masu huda. In ka samu zuwa gidan tarihi na Jos ka tsaya ka duba su da kyau. Kawunan tagulla na Ife da aka tono a 1938 kuwa wasunsu cike suke da siraran layuka daga goshi zuwa haɓa, amma kowane layi hawa yake yana sauka tare da tudun fuskar, yana ƙara fito da ita. Ko babbar riga ka duba. Aska takwas tana zaune ne a ƙirji da aljihu ta haura kafaɗa, sauran yadin an bar shi fili, kuma filin nan ne ke sa ɗinkin ya fito. Da mai ɗinki ya cike rigar duka, da ido bai san inda zai sauka ba. A fuska ido da baki da hanci ake fara kallo, a nan za ka kashe ƙarfinka, kana nisa da su kana sassautawa.

Haske ma yana yaudararka. Jan kakin nan da ZBrush ke buɗewa da shi haskensa a manne yake da shi, yana ƙawata abin da bai kai ba, yana ɓoye ƙulle-ƙulle. Ka koma toka-toka mara ƙyalli da ke amsa fitila, ka riƙa juya fitilar. Ka san yadda zanen bango ke fitowa da hantsi ko da la'asar in rana ta bugo shi ta gefe, da tsakar rana kuwa ya kwanta kamar babu shi. In an ɗauke wuta da daddare, ka kunna tocilan wayarka ka kwantar da ita a gefen bayan hannunka, za ka ga saƙar da ba ka taɓa sanin tana jikinka ba. Da irin hasken nan za ka ɗauki hotunan da za ka yi aiki da su, bayan ka nemi izinin mai fuskar. Ka ja baya ka kusanto da kyamara maimakon ka kai wayar dab da hanci, don gilashin waya mai faɗi yana kumbura hanci ya ƙanƙance kunne. Ka tara hotunan a PureRef, manhajar jera hotuna, su zauna a gefen allo, kuma a cikin ZBrush ka sa tsawon gilashin kyamara wajen 85 in fuska kake yi.

Na san a cikinmu akwai waɗanda ke kauce wa sassaƙa siffar mai rai saboda addini, kuma ina girmama hakan. Duk abin da na faɗa yana aiki a kan kayan da ba su da rai, wasu lokutan ma a can aka fi koyo. Ɗauki ƙotar fartanya. Inda hannu ke kamawa ta yi sumul tana ƙyalli har ta ɗan rame, kusa da ƙarfen ta tsage ta bi jijiyar icce, sawun gizagon masassaƙi yana nan a inda hannu ba ya kaiwa. Turmi bakinsa ya ci duka ya faffashe, cikinsa ya goge, gindinsa ya sha damshi. Dutsen Kufena ɓarewa yake yi falle-falle kamar albasa, ruwa ya bar masa baƙaƙen hanyoyi daga sama. In ka watsa karce ko'ina daidai da daidai a kan irin waɗannan, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya zai san ƙarya ne.

Na taɓa sassaƙa takalmin fata na nuna wa wani baduku a waya, ina jin na gama. Ya duba bai daɗe ba ya ce ɗinkin na inji ne, ba na hannu ba. Ya nuna mini a kan wanda yake ɗinkawa: basilla tana shiga a karkace, zaren yana jan fatar ta lotsa a bakin kowane rami ta ɗan taso a tsakani, tazarar kuma tana matsewa in an zo kwana. Abin da ya nuna mini a minti biyar ya gyara duk ɗinkin da na sassaƙa daga ranar. Ka riƙa kai aikinka wurin masu sana'ar abin da ka kwaikwaya, tela ya duba ninkin shadda, magini ya duba bango. Shadda mai sitaci karyewa take yi da kusurwa, yadi mai laushi kuwa zubowa yake, kuma kowane ninki yana tasowa ne daga inda aka rataye ko aka ja, kafaɗa, gwiwar hannu, mazagi.

Game da alfa, ba na hana ka har abada, masu aikin fim suna amfani da na sikan kuma suna da kyau ƙwarai. Amma ka fara yin naka. Alfa taswirar tudu da kwari ce, fari ya taso, baƙi ya lotsa. Hoton waya kuwa haske da inuwa ya ɗauka, shi ya sa in ka mayar da shi alfa kai tsaye inuwa takan zama rami inda babu rami. Hanya mafi tsabta ita ce ka sassaƙa 'yan ramuka ko saƙar fata a kan shimfiɗaɗɗen fili, ka kwashe zurfin da GrabDoc. Ka ajiye shi a bit 16, wanda ke da matakan toka 65,536, don na bit 8 guda 256 kawai gare shi, yana barin tsani-tsani a jikin aiki. In ka zo bugawa ka riƙa juya shi kana canza girmansa, sannan ka bi da hannu ka ƙara wasu ramukan ka kashe wasu, don ido yana saurin kama abin da aka maimaita.

Hannu kuma horo yake so. In da linzamin kwamfuta kake aiki, to ga inda kuɗinka ya kamata su tafi: ƙaramin allon zane na Huion ko XP-Pen ko Wacom, ko da na hannu ne, don ba za ka iya layin da ke farawa siriri ya mutu siriri ba sai alƙalami yana jin nauyin hannunka. Ka shiga saitinsa ka daidaita shi yadda taɓawa kaɗan za ta ba da alama kaɗan. Ka rage ƙarfin burushi ka yawaita bi, sau goma a hankali sun fi sau ɗaya da ƙarfi. Dogon layi kamar ɗinki ko gefen hula, ka kunna Lazy Mouse, ko Stabilize Stroke a Blender, don su hana layin rawa, ka juya aikin ya fuskanci inda hannunka ya fi sakewa maimakon ka murɗe wuyan hannu. Ka rage dogaro da Shift. Gogewa tana cinye rai daga siffa, sau da yawa gara ka daddale wuri da TrimDynamic ko hPolish ya bar ɗan kaifi. Kuma kada ka zauna a kusa. Duk bayan 'yan mintoci ka ja baya ka ga kan gaba ɗaya, don wanda ya nutse cikin kunne awa biyu yakan fito ya tarar kunnen ya fi fuskar magana.

Tun kafin ka fara ado ka san inda aikin zai ƙare. Na koyi wannan da tsada. Na taɓa kwashe kusan mako biyu ina zuba saƙar fata da zaren riga a wani ɗan mutum-mutumi da za a buga da firinta, tsayinsa santimita 10. A wannan girman kan bai kai santimita ɗaya da rabi ba. Da aka bugo shi babu ko ɗaya daga abin da na wahala a kai, ninkin rigar ma da na yi daidai da gaskiya ya kusa ɓacewa. Firinta mai narka roba yawanci bakinta milimita 0.4 ne, mai ruwan resin kuwa falle-fallenta wajen milimita 0.05, don haka aikin bugawa zurfafa ninki yake so fiye da gaskiya, a bar ramuka. In na wasan kwamfuta ne, duk zanenka za a gasa shi ne, wato a kwashe shi, a kan nomal maf, hoton da ke kwaikwayon tudu da kwari, kuma hoto mai 4096 sau 4096 ɗigo miliyan 16 da 'yan kai gare shi, in jiki duka zai raba su abin da zai kai fuska kaɗan ne. A irin wannan, ramukan fata gara a ƙara su a wurin fenti da ƙaramin hoto mai maimaituwa. Sai in kyamara za ta matso har gira ne sassaƙa su ɗaya-ɗaya ke biyan wahalarsa.

A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama jami'arku ta Ahmadu Bello, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a kan ra'ayin cewa za a karɓi kayan aiki da dabarun waje a haɗa su da abin da ke gida. Ina yawan tuna su in na ga matasanmu suna sassaƙa dodannin da suka gani a intanet da alfa iri ɗaya da ta kowa, alhali kasuwar Sabon Gari cike take da fuskoki da fatu da yadi da ƙarafan da ba wanda ya taɓa sassaƙawa.

Don haka ka ajiye dattijon nan mako biyu, kada ka buɗe shi. Ka sayi dabino, ka ɗora ƙwaya ɗaya a kan farar takarda kusa da taga, ka sassaƙa ta cikin awa ɗaya da burushi huɗu kacal, Move, Clay Buildup, Dam Standard da Inflate, babu alfa, babu madubi. Dabino yana da duk abin da fuskar tsoho ke da shi: siffa, lotsawa, manyan ninki, ƙananan yamutsa, da wuraren da suka yi sumul. Washegari goro, sannan busasshiyar kuɓewa, ɓawon darbejiya, tsohon takalmi, sannan babban yatsanka na hagu. In awa ta cika ka tsaya ko ba ka gama ba, ka ɗauki hoton allo ka jera shi da hoton abin, ka rubuta abu ɗaya da ya bambanta su. Bayan mako biyun ka buɗe dattijon, ka goge ramukan duka, ka sauko mataki na biyu ka fara da kuncin. In ka kai mataki na uku ka turo mini hotonsa a toka-toka, gaba da gefe, da fitila daga hagu, kafin ka zuba ko rami ɗaya.